Turken Kawu

3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata, Uwar Tambaya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, da kuma nauyin da Innarki ta raɗa min kina ɗauke da shi. Allah Ya raba lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai kunnen nan nawa da injin yankan katako ya cinye tun kina goye. Kada ki sake aiko min da waya. Ta bara tana cikin akwatin ƙusoshi, in ta yi ƙara ba na ji, in na ji ba na gane mai magana. Takarda dai, ki ba Direba ya sauke min a shago in ya kawo kaya. Innarki tana gaishe ki. Gwiwoyin nan ne har yanzu, daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ta huta sau biyu, amma bakinta lafiyarsa ƙalau, jiya ma a kaina ya sauka.

Taswirarki ta iso ranar Litinin, ranar Laraba kwamitin unguwa ya zauna a kanta a ajin makaranta, kan bencinan da na ƙera shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa ko ƙara. Ciyaman, mai shagon maganin nan, ya manna ta a allo yana ta nuni da biro kamar shi ya zana. Ya bayyana wa mutane yadda kika rubuto. Ruwan sama ya sauya hali, na wata guda yake zubarwa a kwana uku, don haka gidaje arba'in da ke bakin kogi ba su da sauran zama. Duk abin da ke ƙasa da jan layin da kika ja, na ruwa ne. Ba gini, ba sare bishiya, ba zuba shara a fadama, a bar ta da ciyawarta da kwaɗinta ta sha ruwa yadda ta saba. Sama da layin kuma a yanka filaye a ba mutanen bakin kogi. Aka yi ta gardama har la'asar, aka ɗaga hannu, magana ta zauna.

Kin san wa ta fara cewa a rubuta sunanta a ba ta fili? Innarki. Matar da na yi shekara bakwai ina roƙo ta bar gidan nan na bakin ruwa tana ce min in je in roƙi katakona. Da aka ce mata 'yarta ce ta ja layin, sai ta ce a ba ta fili na farko, wanda ke daf da shi, tana so in ta leƙo taga ta ga aikin 'yarta. Na ce mata layin a takarda yake, ba a ƙasa ba. Ta ce in rufe mata baki.

Mutum ɗaya ne ya so ɓata zaman, tsohon Masunci. Ya miƙe da sandarsa ya ce layin ya yi ƙasa. Wai a babbar ambaliya, shekara ashirin da takwas ke nan, da kwalekwale ya ratsa inda za a yi sababbin gidajen, har ya dafa tagar tsohon gidan niƙa. Na tashi na ce masa tagar nan ta fi ni tsawo, sai dai in kwalekwalen nasa fiffike gare shi. Aka yi dariya. Na tuna wa mutane cewa ba da tatsuniya kika yi aiki ba, da turkena kika yi. Dogon katakon nan da na kafa a bakin kogi tun ina saurayi, duk shekara in ruwa ya janye na je na yi tsaga da zarto daidai inda ya tsaya. Ma'aikatanku da suka zo da na'urar awo, tsagar sama suka auna, ta babbar ambaliya, a kanta kuma kika ja layi. Ba zan ɓoye miki ba, ranar nan kaina ya yi girma. Kafin damina zan je in yi wa turken gyaran da na saba, don ya kai wa jikoki.

Kawunki

15 ga Fabrairu

Kawu,

Na gaishe ka da kyau, na gaishe da Inna. Muna lafiya, sai amai da ya sa ni gaba, ko warin tawadar injin buga taswira ba na so, ga shi kuwa a bayan kujerata yake. Maigidan yana gaishe ka, ya ce wayar da ka kulle da ƙusoshi ta gode.

Da na karanta abin da Inna ta yi, sai da na shiga ɗakin ajiyar takardu na yi kuka. Matar da ko allurar likita sai ta yi masa tambaya goma, yau ta ɗauki gidanta ta ɗora a kan layin da na ja da biro. Daɗi ya cika ni, tsoro kuma ya biyo baya. Don Allah ka lallaɓa ta ta karɓi fili a jeri na biyu ko na uku. Aikina ba ya gudu, ko daga can za ta gan shi.

Maganar Masunci ce ta tsaya min a rai. Na kwashe kwana biyu ina birkice tsofaffin fayiloli, ko zan sami awon da wani ya yi a garinmu a shekarar. Babu. Gidajen da ruwan ya bar wa alama duk an rushe an sake gini. Ka ga ke nan layin nan gaba ɗayansa a kan tsaga ɗaya yake tsaye, a jikin katako ɗaya. Da ma tun farko ya kamata in tambaye ka, sai ɗoki ya ɗauke ni. Kawu, tun da ka kafa turken nan, an taɓa taɓa shi? An cire, ko an matsar, ko an canza wani abu a jikinsa? Na ga ka ce za ka yi masa gyara, na ɗauka fenti kake nufi. Ka rubuto min dalla-dalla, ka san halina.

'Yarka

1 ga Maris

Uwar Tambaya,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Na karanta takardarki sau biyu, na ninke ta na sa a aljihu, na fito da ita na sake karantawa ko idona ne. Ashe ba idona ba ne. Wato maganar tsohon da ba ya tuna abin da ya ci da safe ita ce ta sa kika fara tuhumar turkena. An matsar? An canza? Ki fito fili mana ki ce Kawu ya yi coge a tsagoginsa. Shekara talatin da uku ina shiga taɓo har gwiwa ba wanda ya aike ni, ba wanda ya ce min sannu. Lokacin da mutanenku suka zo da na'ura suna ta yaba min, ba ku tambayi ko an taɓa ba. Yanzu da taswira ta fita da hatimin ofis, kina neman inda za ki jingina laifi in wani abu ya faru, sai kika hango tsohon kafinta.

Ni na ƙera gadon da aka haife ki a kai. Ban taɓa mayar wa mutum inci goma sha ɗaya a matsayin ƙafa ba, ba kuma zan fara da kogi ba. Turke yana raminsa na farko, ba wanda ya isa ya kai masa hannu sai ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa miki.

Innarki ta ce fili na farko, ko kuma ta zauna inda take. An fara haƙa harsashi.

Kawunki

20 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Wallahi ko a mafarki ban kawo coge a raina ba. Wanda ya koya min riƙe ma'auni ina 'yar shekara shida, ya doke min hannu don na ce "kusan daidai", shi zan tuhuma? A aikinmu haka ake yi wa kowane ma'auni, har na ƙarfe da aka kawo daga waje, sai an tambayi tarihinsa. Ni ce ban iya tambaya ba, na yarda. Ka yafe wa 'yarka.

Na ji turke yana raminsa na farko, hankalina ya ɗan kwanta. Abu ɗaya ya rage, gyaran nan da ka saba. Me kake yi masa? Layi biyu ma sun ishe ni.

Ka gaishe min da Inna, ka ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

'Yarka

28 ga Mayu

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Wata biyu da kwana takwas ke nan. Duk ranar da Direba ya shigo sai na aika tasha, a dawo min hannu wofi. Ya ce yana ba ka takarduna, kana karɓa kana sa wa a ƙarƙashin gwangwanin ƙusa, kana ce masa ka ji. Na kira Ciyaman, da kyar waya ta shiga, ya ce komai lafiya, gini ya kai linta, Inna kullum sai an kai mata kujera ta zauna tana yi wa magina gyara. Na ce ya tambayar min kai maganar turke, ya ce shi ba zai shiga tsakanin kafinta da katakonsa ba.

Da ina da hali da na zo da kaina. Likita ta hana ni doguwar tafiya, ƙafafuna sun kumbura har takalmin maigida nake sawa zuwa ofis. Ana ta yi min dariya.

Kawu, a nan mun ga hasashen bana, kuma ba mai daɗi ba ne. Ana sa ran ruwa fiye da na bara nesa ba kusa ba, madatsar ruwan da ke sama da ku kuma tun yanzu ta wuce rabi. In ta cika dole su buɗe ƙofofi, duk abin da suka saki ta gabanku zai bi. Ka yi fushi da ni har shekara in kana so, amma ka amsa min tambayar nan tukuna.

'Yarka da ta yi laifi

4 ga Yuli

Uwar Tambaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin? Takalmin miji ba abin kunya ba ne, Innarki da tsohon silifas ɗina ta haife ki. Na huce. Ba don takardunki ba, don Innarki ce ta gano ban amsa miki ba, ta hana ni abinci a gidanta kwana uku.

Ta tare ranar Asabar ta makon jiya. Ɗaki biyu da baranda, ƙofofi da tagogi duk aikina, ki zo ki ga yadda suke rufuwa ba ƙara. Gida talatin da shida sun tare. Aikin kwamiti ya yi kyau, ba zan rage musu ba. An dasa bishiyoyi ɗari biyu a gaɓar kogi, an hana tifofi ɗiban yashi, matan unguwa sun kwashe robobin da suka toshe bakin fadama har bado ya sake fitowa. Tsuntsayen ruwan da muka daina gani tun kina firamare sun dawo.

Ruwa kam ana yi. Kwana tara a jere ba mu ga rana sosai ba. Simintin ɗakin Innarki yana gumi, in ka ɗaga tabarma sai ka ga ƙasan ya yi duhu. Magini ya ce sabon gini ne. Kwaɗi sun cika barandarta, tana korar su da tsintsiya tana cewa su koma ƙasa da layi inda 'yarta ta ba su. Tururuwa kuma sun kwashi ƙwayayensu sun hau bango har kusa da rufi, ban taɓa ganin sun hau haka ba. Rijiyar da aka haƙa a bayan gida, da hannu ake ɗiban ruwanta, ba guga.

To ga amsarki, don ki bar ni in huta. Fenti! Wa ke yi wa turke fenti? Katako in yana cikin ƙasa mai laima, gindinsa ne ke fara ruɓewa, kowane kafinta ya san wannan. Duk shekara shida ko bakwai nakan tono shi, in yanke ruɓaɓɓen gindin da zarto, ƙafa ɗaya cif, in shafa masa baƙin mai, in mayar da shi cikin raminsa ya zauna a kan dutsen da na sa a ƙasa, in daddale. Sau huɗu na yi tun bayan babbar ambaliya, na bana ne na biyar. Da ba don haka ba, da tuni ya faɗi kogi ya tafi da tsagogin duka, da ba ki sami abin ja wa layi ba. Yanzu sai ki ce min na gode.

Kawunki

9 ga Yuli

Kawu,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya, kuma ta same ku da wuri. Ka zauna kafin ka karanta.

Ka ɗauki sanda ka yi mata tsaga a sama, ka tsayar da ita a kan tebur. Yanzu ka yanke ƙafa ɗaya daga gindinta, ka sake tsayar da ita a kan teburin nan. Ina tsagar? Ta sauko da ƙafa ɗaya. Kawu, duk ranar da ka yanke gindin turken nan, tsagogin da ke jikinsa gaba ɗaya sun sauko. Sau huɗu ka yanke kafin mu auna. Tsagar babbar ambaliya tana ƙasa da inda ruwan ya tsaya da ƙafa huɗu. Na mayar da ƙafa huɗun nan a kan taswira, ruwan ya tsaya daidai tagar gidan niƙa. Masunci gaskiya ya faɗa.

Ma'anarsa, in aka yi ruwa irin na shekarar, jeri na farko da na biyu da na uku duk a ciki suke. A ɗakin Inna zai kai mata ƙirji, ita da ba ta iya kai bakin ƙofa sai ta huta.

Ba laifinka nake nema ba. Kai ka ceci katako yadda aikinka ya koya maka. Ni ce mai takardar karatu, ni ce na ɗora rayukan gida arba'in a kan ma'auni ɗaya ban tambayi komai ba, don na Kawuna ne. Na shiga wurin maigidanmu na ofis na gaya masa komai. Ya ce ba a janye taswira mai hatimi sai an sake tura masu awo, motar ofis kuma ba ta bin hanyarku sai ruwa ya ɗauke. Na kira Ciyaman sau goma sha ɗaya, ba ta shiga.

Kai kaɗai gare ni. Ka tara kwamiti yau, ba gobe ba. Ka ɗauki sanda da zarto ka nuna musu da idonsu. A kwashe mutane zuwa tsohon sito da ke kan tudu har damina ta wuce. Ka fara da Inna. Madatsa ta kusa cika.

'Yarka

2 ga Agusta

'Yata,

Muna raye. Takardarki kwana goma sha shida ta yi a hanya, ruwa ya cinye kwalbatin da ke bayan kasuwa, motar Direba ta yi ta jira a wancan gefe. Ranar ashirin da biyar ta shigo hannuna.

Na yi yadda kika ce, na ɗauki guntun katako a shago na yi masa tsaga na yanke gindinsa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Shekara arba'in da ɗaya ina aikin awo, abin da ɗan firamare zai gani ya wuce ni sau biyar. Zan gaya miki abin da ya fi wannan muni. Kwana uku na yi da takardar a aljihu ban nuna wa kowa ba. Ina ta tuna dariyar da na sa aka yi wa Masunci. Kwana uku, ana ruwa, ƙanwata tana kwana a ɗakin nan, ni ina lissafin yadda za a kalle ni. Allah Ya yafe min, ni ban yafe wa kaina ba.

Rana ta huɗu na tara su a aji. Na yanke sanda a gabansu, na ce ni ne, ba 'yata ba. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi. Ciyaman ya ce taswira tana da hatimi, sanda ba ta da shi, shi ba zai tayar da mutanen da suka tare jiya ba sai ya ga takardar ofis. Wani ya ce ai irin wancan ruwan sau ɗaya ake yi a rayuwa. Aka watse ba a ɗaga hannu ba. Na bi gida gida. Gida goma sha tara sun hau sito, sauran sun ce su gani tukuna. Na je wurin Masunci in ba shi haƙuri, na same shi yana liƙe kwalekwalensa da kwalta. Sai ya miƙo min gwangwanin na riƙe masa.

Innarki ta ƙi. Na yi mata bayani, na yanke mata sanda har biyu, na karanta mata takardarki. Ta ce, "Kai da ka yi wata huɗu kana gaba da yarinya, yau ka zo kana karanta min abin da ka ga dama? Na san karatunka. 'Yata ta ja layi, ruwa bai isa ya tsallake ba. In ta yi kuskure ta gaya min da kanta." Na ce zan sa a ɗauke ta da ƙarfi. Ta ce duk wanda ya taɓa ta ba ta yafe ba duniya da lahira, kin kuwa san ba wanda zai taɓa ta bayan wannan.

Na rufe shago na ɗauko tabarmata na dawo barandarta. Fadama ta cika ta fara tumbatsa, da safen nan ruwa yana taku talatin daga katangarta, jiya hamsin ne. An ce jibi za a buɗe madatsa. Ki rubuto mata, ita kaɗai, da hannunki. Malamar makaranta za ta karanta mata, ni ba ta yarda da bakina.

Kawunki

6 ga Agusta

Inna,

Ni ce. Ki duba rubutun da kyau, nawa ne, ba wanda ya riƙe min hannu. Ina gaishe ki, ina lafiya, jikan naki yana motsi.

Inna, na yi kuskure. Layin da na ja ba daidai ba ne. Na ja shi ƙasa da inda ya kamata, kuma gidanki yana cikin hanyar ruwa. Kawu bai ƙara ko kalma ɗaya ba a abin da ya karanta miki. Kin tashi daga gidan da kika yi shekara arba'in a ciki don ni na ce, na kuwa kai ki inda bai kamata ba. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, amma na fi son ki raina aikina kina raye.

Kin bi maganata a karon farko ba ki tambayi kowa ba. Ki bi wannan ma. Ki bar kaya, ki bar komai, ki hau sito yanzu, kafin Malama ta ninke takardar nan.

'Yarki

11 ga Agusta

'Yata,

Daga sito nake rubuto miki, a kan buhu, ki yi haƙuri da rubutun. Ban san ranar da za ta same ki ba.

An buɗe madatsa kamar yadda aka ce. Kwana huɗu ba mu ga wani abu ba, har Ciyaman ya wuce ta gabana yana murmushi. Shekaranjiya da safe ruwa ya shigo baranda. Bai zo da ƙara ba, a hankali ya shigo, ja wur, da ganyaye a kansa. Jiya da hantsi ya kai min gwiwa a tsakar gida. Innarki tana zaune a kan gado ta naɗe ƙafafu, ta ce zai koma.

Wajen azahar Masunci ya zo da kwalekwale har bakin ƙofa, da Malama a ciki, da takardarki a cikin leda. Direba ne ya ba shi daga wancan gefen kwalbatin da ruwa ya cinye. Innarki ta karɓa ta kai kusa da ido ta daɗe tana duba rubutun, sannan ta miƙa wa Malama. Aka karanta mata. Ta ce a sake. Aka sake. Ruwa yana lasar katifa a lokacin. Sannan ta ce, "Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta taɓa ce min ta yi kuskure ba. In har ta faɗa, to ruwan nan da gaske yake." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Yaya, ɗauke ni."

Na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ban san ta rame haka ba. Daga gado zuwa kwalekwale ruwa ya kai min ƙugu, ina jin yana jan ƙafafuna. Ba ta waiwayi gidan ba, ba ta ce a ɗauko komai ba sai ledar maganinta.

Yau daga nan tudu ana hango jeri na farko, rabin tagogi ya nutse. Gida shida ba su fito ba tukuna, har da na Ciyaman, suna kan rufi muna ganinsu suna ɗaga zane. Masunci ya koma karo na tara tun safe, shi kaɗai ne mai kwalekwale, kuma hannunsa ya fara gazawa. Gabas ta sake yin baƙi. Zan ajiye biro in je in karɓe shi tuƙi, ko ban iya ba zan koya a hanya.

Innarki tana nan kusa da ni a kan tabarma, Malama ta lulluɓe ta. Ta sha maganinta, ta yi barci.

Kawunki